Inda Bakin Kazar Ya Tsaya

Matarsa ce ta ɓalla masa maɓallan riga da safen nan. Shek Yau-Shing ya tsaya ƙiƙam yana kallon rufin ɗaki, ita kuwa Yuk-Lin tana bin maɓallan ɗaya bayan ɗaya tana yi masa huɗuba.

"Jatan lande da ƙaguwa kowa da hannu yake ci, ka ci ka ƙoshi. Shinkafa kuwa ka ɗaga kwanon har bakinka. Duk abin da ke da santsi ko kallonsa kar ka yi. Kana ji na?"

"Ina jin ki."

"To kifin fa?"

"Hei ya ce zai san dabarar da zai yi."

"Hei!" Ta ja tsaki. "Mutumin da ko sirrin kansa ba ya iya riƙewa."

Ranar biyu ga sabuwar shekara ce, ranar da masu gida ke kai ma'aikatansu cin abincin buɗe shekara. Uwargida Fong, mai jiragen fito biyu da ke kai mutane tsakanin tsibirinmu da na maƙwabta, ta sayar da ƙaramin jirgin tun kafin biki. Saura jirgi ɗaya, mai bukatar mutum shida. Su kuwa su bakwai ne. Babu wanda ya ce komai, babu kuma wanda bai iya ƙirga ba.

Mu a nan ba a korar mutum da tsawa, ba a ba shi takarda. Sai a zaunar da shi a teburi a cika masa ciki da abin da teku ta bayar. In an tashi a haka, kowa na nan. In kuwa aka ga kaza ta shigo a ƙarshe, dafaffiya fara sol da kanta a jiki, to mai gida zai juya faifan gilashin da ke tsakiyar teburi da hannunsa, wanda bakin kazar ya tsaya a gabansa shi ne ba zai zo aiki gobe ba. Zai ci cinyarta, ya yi godiya, ya tafi. Wasu na cewa ladabi ne. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya ji daɗin kazar nan ba.

Shekara talatin da ɗaya Shing ya yi yana kula da injin jiragen gidan Fong, tun marigayi mijin Uwargida yana saurayi. Hannunsa na dama ya fara rawa ne a daminar bara. Da fari ɗan yatsa ɗaya, sannan hannun duka. A ɗakin inji babu mai ganewa, don can komai rawa yake yi, ƙarfe da bokiti da haƙoran mutum. In ya hau sama sai ya tura hannun aljihu. Mutum biyu ne suka sani ban da matarsa. Na farko Kwok Tai-Hei, matuƙin jirgi, amininsa. Na biyu kuwa Lai Ping-On, mai ɗaure igiya, ɗan tudu da aka ɗauka aiki wata takwas da suka wuce, magidanci mai 'ya'ya uku. Wata rana ya sauko ɗakin inji an kashe wuta, ya tarar da Shing yana fama da noti ɗaya ya kasa ɗaura shi. Ya karɓa ya ɗaura, ya ce, "Yatsuna sun fi naka sirantaka, Baffa Shing." Daga nan bai ƙara tayar da zancen ba.

Da tsakar rana suka haɗu a gidan abincin Gurgu Mak, a ƙarshen gadar jirage. Ƙasa ta yi ja da burbushin takardun wasan wuta. Uwargida Fong tana tsaye gaban tankunan gilashi da baƙar jakarta a hammata, tana kallon kifaye kamar mai zaɓen suruki. Ta nuna wani ƙaton jan kifi mai ɗigo-ɗigo. Aka kamo shi da raga yana fizge-fizge, ta danna cikinsa da yatsa, ta gyaɗa kai.

"A turara shi. In ya wuce lokaci ko da numfashi ɗaya ne, Mak zai ci abinsa."

Hei ya ce zai zagaya bayi. Shing ya ga ya bi ta ƙofar kicin. Da ya dawo ya zauna, ya ɗauki kwanonsa yana ɗauraye shi da shayi kamar kowa, bai kalli Shing ba ya ce ƙasa-ƙasa, "Tana rataye. Ƙatuwa."

Shing ya kalli ƙofar kicin. Ya san za a yi, amma sani daban, jin cewa kazar tana rataye a bayan bangon nan daban. Shekararsa hamsin da tara. Wa zai ɗauki makanike mai hannu irin wannan? Ko kwale-kwalen kamun ƙaguwa ba za a ba shi ya duba ba.

Uwargida ta zauna tana fuskantar ƙofa. Shing a damanta, wurinsa na kullum. Hei a hagunta, sauran suka jeru, Ping-On kujera biyu daga Shing. Uwargida ta zuba wa Shing shayi da kanta. Ya sa yatsun hagu biyu ya ƙwanƙwasa teburi, godiyar da ake yi ba sai an buɗe baki ba. Hannun daman yana ƙarƙashin cinyarsa, ya danne shi da nauyinsa duka.

Jatan lande ya fara zuwa, ja jawur yana tururi. Shing ya bi umarnin matarsa. Ya kafa gwiwar hannu a gefen teburi, ya ɓare da hagu, dama tana riƙe kawai. Ƙaguwa da citta da lawashi ta biyo baya, ita ma lafiya lau. Hei yana ta surutu don a kalle shi a bar kallon kowa.

"Kai ɗan tudu, haka ake cin ƙaguwa a garinku? Ka bar rabin naman a ƙafa! Ko tausayinta kake ji?"

"A garinmu sai a hoto muke ganin ta, Yaya Hei."

"Shi ya sa rannan ka kife cokali a kan jirgi, saura kaɗan in jefa ka ruwa."

Aka yi dariya, Ping-On ma ya yi, irin dariyar wanda ya san ba da shi ake yi ba, a kansa ake yi. Kowa a teburin ya riga ya yanke a ransa cewa in kaza za ta tsaya, gabansa za ta tsaya. Shi ne baƙo, shi ne bai san hanin ruwa ba. Shing ma so yake ya yarda da haka, ya kuma ji kunyar son da yake yi.

Sai aka kawo kifin.

Ya cika faranti daga kai har wutsiya, mai yana ƙara a kan lawashi. Uwargida ta ɗanɗana, ta yi shiru, wanda a wurinta shi ne yabo. Tsinkayen cin abinci suka sauka a kai ta ko'ina. Hei ya tsinko babban yanki ya jefa a kwanon Shing.

"Ci, tsoho, kafin yaran nan su bar maka ƙaya."

Ba a jima ba gefen sama ya ƙare, ƙashin baya ya fito fili. Naman ƙasa yana nan a ƙarƙashinsa. Mutanen tudu su kan juya kifi su ci ɗaya gefen hankali kwance. Mu ba ma yi. Wanda ya kife kifi a teburi ya kife jirgi a teku, kuma duk wanda ke wurin yana da wani nasa da ruwa ya ci. Sai dai babba ya sa tsinkaye ya ɗaga ƙashin daga wutsiya, a hankali, ya zare shi har kai, ya ajiye gefe. Tun da mai gidan ya rasu, shekara goma sha ɗaya, Shing ne ke yin wannan.

Hei ya miƙe da tsinkayensa. "Bana ni zan yi. Kullum tsoho, kullum tsoho, mu ba mu da hannu ne?"

"Zauna, Hei," in ji Uwargida. Ba ta ɗaga murya ba. "Yaya Shing."

Ta juyo faifan har kifin ya zo gabansa.

Shing ya zaro hannun daga ƙarƙashin cinya. Ya yi sanyi, ya mutu da danniya, ya yi fatan ya zauna a macen. Ya ɗauki tsinkayen. Ɗakin nan babu abin da ke motsi a cikinsa, babu inji, babu igiyar ruwa, teburi ne a kan siminti. Ya miƙe tsaye, ya sunkuya, ya kama ƙashin ta wajen wutsiya. Ya ɗaga. Ƙashin ya fara rabuwa da nama, taƙi ɗaya, taƙi biyu. A gefen idonsa ya ga Ping-On ya ɗora yatsu a bakin faifan, yana jiran a gama ya juyo butar shayi ya zuba wa Uwargida. Ɗorawa kawai ya yi. Bakin butar yana nan yana kallon taga inda yake.

A tsakiyar kifin naman ya ɗan riƙe ƙashi. Shing ya ƙara ƙarfi kaɗan, sai hannun ya fizge. Kifin ya taso gaba ɗaya, ya karkata, ya faɗi ta ɗaya gefen, tim. Romo ya fantsama a farin mayafin teburi. Kifin yana kwance a kife, ɗaya idonsa da ba a gani ɗazu yana kallon sama.

Wani ya ce, "Wayyo." Wani ya tofar da yawu gefe sau uku. Fuskar Uwargida ta yi fari, don mijinta ma ba a gado ya mutu ba.

Hei ne ya fara samun bakinsa. Ya buga teburi.

"Kai ɗan tudu! Wane irin jaki ne ke juya faifai hannun babba na cikin faranti? Ba ka da ido ne? Ka kife mana cokali mun yi shiru, yau kuma kifi, ranar biyu ga shekara!"

Ping-On ya janye hannunsa kamar ya taɓa garwashi. Ya buɗe baki. Ya kalli Hei, ya kalli Uwargida, sannan ya kalli hannun Shing, wanda har yanzu ke riƙe da tsinkaye suna kaɗa juna. Kalma ɗaya ta ishe shi. Shing ya tsaya yana jiran ta.

Ping-On ya miƙe ya sunkuyar da kai. "Ku yi haƙuri. Uwargida, ki yi haƙuri. Ban lura ba."

Shing ya zauna. Ya mayar da hannun ƙarƙashin cinya. Wani sanyi ya sauko masa a ƙirji, sanyin tsira, kuma a rayuwarsa bai taɓa ƙyamar kansa kamar a lokacin ba.

Uwargida ta sa aka ɗauke farantin, amma ta ce a ajiye mata kan kifin a gabanta. Ta tura ɗaya daga cikinsu ya je ya kunna turare a ɗakin bautar Uwar Teku da ke bakin gada, ya dawo. Aka kawo soyayyar shinkafa. Shing ya ɗaga kwanonsa har baki kamar yadda matarsa ta ce masa. Ping-On bai ci ba. Yana ta murza gefen mayafin teburi, kuma Shing ya tuna ranar da ya gan shi a gada ya ɗauko matarsa da yaran daga jirgin safe, da buhun kaya ɗaya da tukunya a hannun babbar 'yar.

Hei ya taka wa Shing ƙafa a ƙarƙashin teburi, wai ya kwantar da hankalinsa.

Gurgu Mak da kansa ya kawo kazar. Ya san abin da ya ɗauko, don haka ya ajiye ta a gaban Uwargida ya fita yana jan ƙafa ba tare da ya ce a ci lafiya ba. An yayyanka ta an sake jera ta kamar mai rai, kan a gaba, bakin yana kallon waje.

Uwargida ta goge yatsunta. Ta ɗora hannu a kan gilashin, ta fara juyawa ta hagu.

Bakin kazar ya wuce Hei. Ya wuce mai karɓar fasinja, wanda ya saki numfashi har aka ji. Ya wuce na uku, ya wuce na huɗu. Faifan yana ɗan kuka a kan ƙarfensa. Da ya zo saitin Ping-On sai ya rage gudu, ya tsaya. Uwargida ta ɗauke hannunta ta ɗora a cinya.

Ping-On ya dubi kazar. Ya ɗauki tsinkayensa, ya miƙa su wajen cinyar kazar.

"Dakata," in ji Shing.

Ya fito da hannun daman ya ɗora a kan gilashin. Bai yi niyyar nuna komai ba, juyawa kawai ya so yi, amma gilashi ba ya rufa asiri. Murfin buta ya fara kaɗawa. Cokulan da ke cikin kwanon romo suka ɗauka, ƙananan kofuna suka amsa, teburin duka ya kama ƙara, kar-kar-kar, har mutanen teburin kusa suka waiwayo. Ya bar hannun a wurin kowa ya gani ya ƙoshi. Sannan ya tura faifan, kujera ɗaya, kujera biyu, har bakin kazar ya zo daidai ƙirjinsa.

"Kai tsoho, ka haukace ne?" in ji Hei. "Uwargida, kar ki kula shi, zazzaɓi ne yake..."

"Rufe mini baki, Hei. Ka yi ƙaryarka, na gode, ta isa." Ya juya wajen Uwargida. "Faifai bai motsa ba. Ni na kife kifin. Hannun nan tun damina yake haka. Jiya noti ne, yau kifi, gobe kuma ban san mene ne ba, da mutum tamanin a kan jirgi."

Uwargida ta juyo ta dube shi.

"Tun watan takwas ka daina zuba mini shayi, Yaya Shing. Shekara talatin kana zubawa. Ka ɗauka ni makauniya ce?"

Ta nuna kazar da yatsa.

"Da na sa Mak ya yanka kazar nan, kai na nufa. Kwana uku ban yi barcin kirki ba. Na ba ka kifin ne ina cewa a raina, in ya zare ƙashin lafiya, zan juyo bakin kazar wajena in cinye kan, mu ci gaba mu bakwai, ko me zai faru." Ta numfasa. "Butar nan ni ma ina kallon ta. Da Hei ya buɗe mini ƙofa, sai na bi. Ban yi daidai ba." Ta kalli Ping-On. "Ka ji, ban yi daidai ba."

Ping-On ya sunkuyar da kai, kunnuwansa sun yi ja.

"Har yanzu ina iya juya ta," in ji ta, muryarta ta ɗan karye. "Ka ce in juya."

Shing ya so ya ce. Har ga zuciyarsa ya so. Ya tuna ɗumin ɗakin inji da safe, da warin mai, da yadda yake gane ciwon injin nan da tafin ƙafa kafin kunne ya ji. Ya tuna Yuk-Lin tana jiran sa a gida da tambaya ɗaya a bakinta.

"Bar ta inda take," ya ce.

Ya ɗauki tsinkaye ya nufi cinyar. Ta zame. Ya sake kamawa, ta sake zamewa ta faɗa romo. Babu wanda ya yi gigin taimaka masa, don wannan ba a taimaka wa mutum. A karo na uku ya ajiye tsinkayen, ya sa hannu ya ɗauka kamar ƙaguwa, ya kai baki. Naman ya yi sanyi, gishiri ya ji. Ya tauna ya haɗiye har ya bar ƙashi, Hei yana gefe yana share hanci da mayafin teburi yana zagin citta wai ta shige masa ido.

Uwargida ta jawo kan kifin da ta ajiye. Ta sa tsinke ta ciro ɗan naman kumatu, farin nan mai laushi da ake ba wanda ya fi kowa girma a teburi, wanda shekara goma sha ɗaya ba ta ba kowa ba. Ta ɗora shi a cokali, ba a kwano ba, ta ajiye a gabansa.

"Na gode da abinci, Uwargida," in ji Shing, kamar yadda ake cewa.

Ping-On ya taso da butar. Ya zagayo bayan kujeru, ya riƙe ta da hannu biyu, ya cika kofin Shing.

"Baffa Shing, injin nan... wa zai nuna mini?"

"Ka zo gida da yamma. Ka zo da yatsun nan naka sirara."

Shing bai mayar da hannun ƙarƙashin cinya ba. Ya bar shi a kan teburi kusa da kofin, a fili, yatsun suna ta ƙwanƙwasa katako su kaɗai. Ping-On ya gama zubawa ya koma kujerarsa, ba su daina ba.